Shafinmu Ya Yi Kwalliya, Amma Wa Ya Biya Kuɗin Sabulu?

Ina neman afuwa bisa shirun da kuka ji daga wajena kwana biyu. Mu nan Landan lafiya lau muke, sai sanyi da ya fara leƙowa, da rana da ke saurin faɗuwa tun mutum bai gama shan shayin la'asar ba. Uwargida da yara duk suna gaishe ku.

Wasiƙar yau bashi ce nake son saukewa. Da yawanku kun buga mini waya ko kun aiko saƙo lokacin da shafin ƙungiyarmu ta 'yan gari ya ƙi buɗewa, kuna tambayar abin da ya faru, ni kuma na riƙa ce muku ana gyara. Gaskiya ana gyaran, amma amsar ba ta cika ba. Tunda ni aka ɗora wa kula da shafin nan shekara da shekaru, kuma kuɗin hayarsa daga asusun da kuke zubawa yake fita, haƙƙinku ne ku ji yadda aka yi, ku kuma ji matsayina a kan gardamar da ta biyo baya, don har yau ba ta kwanta ba, kuma za a kawo ta gaban taro mai zuwa.

Abin ya faro ne da zuwan ɗan yayata hutu. Kun san shi, wanda ke karatun kwamfuta a nan Ingila. Wata rana da daddare ya same ni ina saka sanarwa a shafin, ya tsaya a bayana ya yi shiru, can sai ya fashe da dariya ya ce, "Kawu, wannan ai allon sanarwar sakatariyar ƙaramar hukuma ne." Na ji zafin maganar, amma da na sake duban shafin sai na ga yaron bai yi ƙarya ba. Fari ne fat, rubutu baƙi, hotuna ƙanana, babu abin da ke motsi. Ya ce in ba shi mako biyu in ga aiki. Na ba shi.

Wallahi abin da ya fito da shi ya burge ni. In ka latsa "Ayyukanmu", sai shafin da kake kai ya zame gefe kamar an ja labule, sabon ya taso daga ƙasa a hankali, hotuna su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan rakiyar amarya. A bangon farko kuma, bayan rubutu, ga bidiyon ruwa yana kwarara daga famfo ba ya tsayawa. Na kai shi taronmu na wata, aka haska a bango, aka yi ta tafi. Wani dattijonmu ya ce yanzu ne muka zama ƙungiya. Babu wanda ya tambayi nauyinsa, har da ni da ya kamata in tambaya. Don haka kada wani ya ɗora wa yaron laifi. Shi abin da aka koya masa ya yi, ni ne na sa hannu.

Bayan Babbar Sallar 2025 aka buɗe rijiyar burtsatsen da muka haɗa kuɗi aka haƙa a gida. Muka ɗora hotunan bikin, muka ɗora cikakken lissafi na abin da kowa ya bayar da abin da aka kashe, aka watsa adireshin a zaurukan WhatsApp. Ba a kwana ba ƙorafi ya fara shigowa. Gwaggo ta aiko mini da saƙon murya tana cewa, "Ni dai ɗan nan wani abu nake gani yana ta juyawa kamar mazari, ban ga rijiya ba, ban ga kowa ba." Ƙanina kuma ya ce ya sayi data ta kwana ɗaya da safe, ya leƙa shafin sau uku, kafin azahar an aiko masa cewa ta ƙare. Na ce masa wataƙila yaransa ne suka kalli wani abu. Allah ya yafe mini, na zargi yaran banza.

Ranar 19 ga wata sai shafin ya ɗauke gaba ɗaya. Duk wanda ya shiga, farin allo yake gani da layi ɗaya na Turanci, "509 Bandwidth Limit Exceeded". Mu da muke nan mun san ma'anarsa. A gida kuwa fassarar da aka yi masa daban ce. Cikin kwana biyu magana ta zaga gari cewa an ga alamar za a tono wani abu a lissafin rijiya, shi ya sa 'yan Landan suka yi maza suka rufe shafin. Ma'ajinmu, bawan Allah da ya shekara yana bin mutane ɗaya-ɗaya yana karɓar fam goma-goma, shi aka fi jifa. Ya kira ni muryarsa tana rawa. A daren na biya fam 40 aka ƙara mana kaso aka buɗe shafin. A lokacin fam ɗaya ya haura naira 2,000, sai ku lissafa da kanku. Kuɗin dai an mayar mini daga asusu, wato daga aljihunku. Zargin kuwa har yau akwai waɗanda bai fita daga ransu ba.

Bari in yi wa iyayenmu bayanin wannan saƙo a sauƙaƙe. Shafin yanar gizo ba a iska yake zaune ba. Yana cikin wata kwamfuta ce da ba a kashewa dare da rana, wadda masana ke kira uwar garke, mu kuma haya muke biyan masu ita. Duk lokacin da wani ya buɗe shafin, kwafin rubutu da hotuna da duk tarkacen da ke ciki ake ɗebowa daga can a kawo cikin wayarsa. Ku ɗauka kamar mai rijiya ne da 'yan ga-ruwa. Akwai faɗin bututun da ruwan ke bi, wanda shi ke nuna saurin cikar jarka, akwai kuma adadin jarkokin da aka yarda ka ɗiba a wata. Turawa da kalma ɗaya suke kiran duka biyun, shi ya sa ake rikicewa. Namu na biyun ne ya ƙare. Hayar da muke biya mai araha ce, gigabait 50 aka yarje mana a wata, kuma a duk shekarun nan ba mu taɓa cin ko kashi ɗaya cikin goma ba.

Da hankali ya kwanta sai na zauna na auna sabon shafin, abin da ya kamata in yi tun farko. Kowace burauza ta kwamfuta tana da wurin da za ka buɗe ka ga duk abin da ta ɗebo da nauyin kowanne. Tsohon bangonmu bai kai rabin megabait ba. Sabon ya doshi 9. Bidiyon famfo shi kaɗai ya haura 5. Manhajojin da ke jan labulen nan da ɗaga hotuna sun kai kusan 1, sai salon haruffa kala huɗu da aka ɗauko daga waje, sai hotuna da aka ɗora yadda suka fito daga kyamara ba a rage su ba. Don ku sami ma'auni, masu bin diddigin nauyin shafuka na HTTP Archive sun nuna cewa a 2024 matsakaicin shafi a duniya ya ɗan haura megabait 2, kuma shi ma kuka ake yi da shi cewa ya yi ƙiba. Namu ya ninka shi wajen sau huɗu.

Amma ba wannan ne ya fi ba ni mamaki ba. Na bar shafin a buɗe ban taɓa komai ba, sai na ga lissafin yana ta hawa: 12, 18, 25, har ya tsaya a wajen 30. Ashe tsarin da yaron ya ɗauko, da zarar ka shigo, a ɓoye yake zuwa ya ɗebo sauran shafukan da ke jere a sama, har da ɗakin hotuna, ya ajiye, ko za ka shiga ko ba za ka shiga ba. A nan ne gizo ke saƙar, kuma ina so ku fahimce shi sosai don shi ne gindin gardamar. Labulen nan da ke zamewa ba zai yi kyau ba sai in sabon shafi ya riga ya shirya a bayansa. In bai shirya ba, ko dai labulen ya maƙale a tsakiya, ko ya buɗe a kan fili babu kowa, kamar a yaye wa amarya lulluɓi a tarar ba ta iso ba. To masu ƙera irin waɗannan tsare-tsare sai suka ce a ɗebo komai tun kafin a nema. Ta haka an sami kwalliya, an kuma sami sauri a idon wanda intanet ɗinsa ke da ƙarfi, amma da data aka saye su. In ka hana ɗiban gaba don tsimin data, ka bar kwalliyar, sauri ya tafi. In kana son sauri da tsimi tare, kwalliyar ce za ta rage. Bargo ne gajere, in ka ja ka rufe kai sai ƙafa ta fito, kuma mu da muka ja namu, ƙafar mutanen gida ce ta kwana a waje.

Ga lissafin yadda ya kasance. A 'yan kwanakin nan an shiga shafin kusan sau 2,000. Sau 2,000 a megabait 30 ya ba da gigabait 60, mu kuma 50 gare mu. Da tsohon shafin ne, ko da kowa ya buɗe shafi uku, duka-duka ba zai wuce gigabait 3 ba. Wannan ɓangarenmu ke nan. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne kowane megabait sau biyu ake biyansa. Mu mu biya a bakin rijiya, mai buɗewa shi ma ya biya a bakin randarsa. Ƙanina da ya sayi megabait 100, shiga uku ta cinye masa 90. Kuma wannan ya zo ne a shekarar da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, a watan Janairun 2025. Mu nan muna biyan kuɗin intanet na gida sau ɗaya a wata, mu yi ta buɗe abin da muka ga dama ba ma ƙirgawa. Wanda ba ya ƙirgawa shi ya tsara wa mai ƙirgawa shafi.

Akwai kuma nisa. Uwar garkenmu a nan Ingila take. Ɗaya daga cikin wayoyin ƙarƙashin teku da suka haɗa Ingila da Legas, wato Glo-1, tsawonta ya kai kilomita 9,800, haske kuma a cikin irin wannan waya yana gudun kusan kilomita 200,000 ne a daƙiƙa. Zuwa da dawowa ke nan ya ci kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, tun kafin saƙo ya baro Legas ya kama hanyar arewa, ya hau ƙarfen sabis, ya sauko cikin waya. In sau ɗaya ne ba komai. Amma sabon shafin sai ya ɗauko manhaja, manhajar ta aika a kawo mata wata, ita kuma ta aika a kawo rubutun, sannan a nemo hotuna. Kowane aike tafiya ce zuwa Ingila da dawowa. Kafin a gama, abin da ke juyawa kamar mazari kawai Gwaggo ke gani. In kayan sun iso ma da sauran aiki, don wayar ce za ta warware manhajojin nan ta sarrafa su, kuma ƙaramar Tecno ko itel da aka saya shekara huɗu da suka wuce ba za ta yi abin da kwamfutar ɗalibin jami'a ke yi ba. Masu shiga da Opera Mini a tsarinsa na tsimi sosai kuwa, wasunsu farin allo suka samu tun ranar farko, saboda shi ta uwar garken kamfanin yake bi da shafi a matse shi, kuma ba ya barin irin waɗannan manhajoji su yi yadda suke so.

Kada ɗana ya ga kamar na sa shi gaba, bari in tona wa kaina asiri. Farkon zuwana ƙasar nan, wajen 2003, na yi abin da ya fi nasa muni. Akwai wata manhaja ta Microsoft mai suna FrontPage, a cikinta akwai wurin zaɓar salon sauya shafi sama da ashirin, waɗanda Internet Explorer ke nunawa: wani ya buɗe kamar da'ira, wani kamar taga mai sanduna, wani ya watse kamar gero. Ni don zalama sai na zaɓi wanda ke kawo salo daban kowane lokaci, na ƙara da kiɗa, na sa ambulan mai fukafukai tana tashi. Na aika wa Yaya adireshin ina ta jin kaina. Ya shiga mota ya je kafe a Kano, ya sayi rabin awa, lokacinsa ya ƙare bai ga hoton ɗana na fari da aka haifa ba. A zamanin layin tarho mai gudun kilobit 56, megabait ɗaya kan ci kusan minti biyu da rabi in komai ya tafi daidai, a kafe kuwa mutum goma ke rabon layi ɗaya. Bayan wannan aka shiga yayin Flash, inda kowane kamfani sai ya tare ka da wasan minti guda kafin ka ga abin da ya kawo ka, har ya zama dole a riƙa saka maɓallin tsallakewa. Shafin da ke buƙatar maɓallin tsallake adonsa ai ya riga ya ba da shaida a kan kansa. iPhone ta fito a 2007 ba ta karɓar Flash, daga nan ya fara ja da baya, har kamfanin Adobe ya yi masa jana'iza ranar 31 ga Disamban 2020. Shi ma Internet Explorer an sallame shi a Yunin 2022. Shafukan da aka gina kacokan a kan adon wancan zamani yau ba sa buɗuwa yadda aka yi su. Waɗanda aka rubuta da rubutu da hoto zalla suna nan ana karantawa.

Da na kai wa yaron wannan lissafi bai yi gardamar banza ba, ya zo da hujjoji, kuma ya kamata ku ji su kafin taro. Na farko ya ce, "Kawu, matsalar hayarku ce mai araha. Akwai masu ba da masauki da ba sa ƙayyade ɗiba, akwai kuma irin su Cloudflare da za su tsaya a gabanku kyauta su ɗauke yawancin nauyin." Akwai gaskiya a ciki. Sai dai masu cewa babu iyaka, in ka karanta ƙananan rubutun yarjejeniya, galibi za ka tarar da sharaɗin amfani daidai kima, kuma su ke yanke kimar. Manyan kuma da awo suke sayarwa. Amazon ya daɗe yana cajin kusan santi 9 na dala a kan kowane gigabait da ya fita, bayan 100 na farko da yake bari kyauta a wata. Amma a ce ma an ba mu kyauta har abada. Wannan aljihun ƙungiya kaɗai ya tsare. Megabait 30 ɗin nan suna nan, kuma ƙanina ne zai biya su. Iyakar da aka sa mana ma, in an duba, ita ce ta tona asirin ɓarnar. Da ba ta nan, da har yau muna can muna cinye datar mutane muna zargin 'ya'yansu.

Hujjarsa ta biyu ta fi ƙarfi. Ya ce 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda muke so su gaji ƙungiyar, ba za su kalli shafin da ya yi kama da na zamanin kakanninsu ba, kuma in za mu nemi tallafi daga wata gidauniya, shafin za a fara dubawa. Ya ƙara da cewa motsin nan ba yanga ba ce kawai. In ka latsa ƙaramin hoto ya girma a gabanka, idonka ya san daga inda ya fito, ba ka ɓata ba. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ni ba maƙiyin kyau ba ne, kuma ba na cikin masu ganin duk abin da aka yi wa talaka dole ya zama mummuna. Mutanen gida ma suna son abu mai kyau, wa ya fi su? Abin da na ƙi shi ne a yi kwalliyar da kuɗinsu ba da saninsu ba.

Abin daɗin shi ne zamani ya kawo sauƙin da babu shi a lokacin FrontPage. Tun Maris na 2023 burauzar Chrome ta fara iya yin salon sauya fuska da kanta, a watan Yunin 2024 kuma ta fara yin sa tsakanin shafi da shafi, Safari ta bi sahu a ƙarshen shekarar. Layi biyu ko uku za ka rubuta a cikin tsarin shafin, ba tare da ɗauko wata manhaja ba. Burauzar sai ta riƙe hoton tsohon shafi, in sabon ya iso ta narkar da wannan cikin wancan a rubu'in daƙiƙa. Wadda ba ta san abin ba kuma sai ta buɗe shafin yadda aka saba, babu abin da ya lalace. Yaron ya san da wannan sarai, kawai dai a ganinsa bai kai wancan armashi ba. Muka zauna ni da shi Asabar biyu. Muka cire manhajojin jan labule muka sa wannan. Muka hana ɗiban gaba, sai in mutum ya kai hannu kan abin da yake so. Muka rage girman hotuna muka mayar da su WebP, tsarin da Google ya fito da shi a 2010 wanda ya fi JPEG rashin nauyi, muka kuma sa kada hoto ya sauko sai mai karatu ya gangaro kusa da shi. Haruffa kala huɗu suka koma ɗaya. Shafin lissafin kuɗi kuwa na ce ko ƙyalli kada a sa masa, rubutu zalla, yadda ko sabis sanda ɗaya ne zai buɗe. Bangon farko yanzu bai kai megabait ɗaya ba, kuma ya fi nawa na da kyau nesa ba kusa ba. Wannan aikin yaron ne, a yaba masa.

Wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba sai da Baffa ya faɗa: wai in shafin ya zame gefe sai ya ji jiri yana ɗibarsa. Na ɗauka tsufa ne. Ashe abu ne sananne. Lokacin da Apple ya fito da iOS 7 a 2013 mai yawan zuƙowa da zamewa, mutane da dama sun yi kukan jiri da tashin zuciya. A wayoyin yanzu akwai wurin da mutum zai zaɓi a rage masa motsi, kuma shafi yana iya gane wanda ya zaɓi haka ya daina yi masa rawa. Mun sa wannan ma. Baffa, sai a ba wani daga cikin jikoki ya kunna maka a saitin wayar.

Sai batun tsawon motsin kansa. Na farkon kusan daƙiƙa guda yake ɗauka kowane sauyi. Wani masani mai suna Jakob Nielsen ya rubuta tun 1993 cewa abin da ya faru cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa mutum yana jinsa kamar nan take, zuwa daƙiƙa ɗaya tunaninsa bai katse ba amma ya lura da jira, in an kai goma kuwa hankalinsa ya tafi wani wuri. Mu da hannunmu muka ɗora wa kowane latsawa jiran daƙiƙa guda, ko da shafin ya riga ya iso. Ranar da aka haska a taro sau biyar aka latsa, kowa ya ce madalla. Sakatarenmu da ke buɗe shafi arba'in in zai haɗa rahoto, shi ya san yadda labulen nan ke ƙona rai.

Abin da ya rage ba mu daidaita ba shi ne bidiyon famfo. Yaron yana so a mayar da shi, an matse shi zuwa megabait 2, kuma na ji wasu daga cikin matasanmu da ma manya suna goya masa baya, suna cewa shi ne ran shafin. Ni ban yarda ba, kuma a taro haka zan faɗa. Bidiyon da ke kunna kansa hannu ne aka zura a aljihun baƙo tun yana bakin ƙofa. A sa hoton famfon, a sa alama a kai, a rubuta nauyinsa a gefe. Mai so ya latsa ya kalla da saninsa. Kuma zan nemi a rubuta a cikin dokokin ƙungiya cewa duk wanda zai karɓi kula da shafin bayana, kafin ya sauya komai sai an gwada a wayar wani daga gida, da datarsa, a unguwarsa, ba a bangon ɗakin taro a Landan ba. An ce mini wannan tsauri ne, wai zai kashe wa matasa gwiwa. Ina ganin matashin da ya iya sa shafi ya yi kyau a cikin megabait ɗaya ya fi wanda ya iya a cikin talatin gwaninta, kuma ɗan yayata ya riga ya nuna zai iya.

Wasu kuma sun ce a rufe shafin kawai a koma WhatsApp, tunda can kowa yake. Ku tuna sau nawa aka nemi lissafin gyaran makarantar da muka yi shekarun baya aka rasa, don wayar da yake ciki ta faɗa ruwa ko an sace ta. Shafin shi ne akwatin ajiyarmu, wanda kowa zai iya buɗewa ya duba ba sai ya roƙi wani ba. Sunan ma'ajinmu ma da shi aka wanke, da aka buɗe kowa ya ga lissafin yana nan yadda aka sa shi, ko kwabo bai motsa ba.

Roƙona gare ku na gida shi ne, cikin makon nan kowa ya ɗan leƙa shafin, ya duba datarsa kafin ya shiga da bayan ya fito, ya aiko mini da abin da ya ci, da irin wayarsa, da kuma ko ya ƙirga nawa kafin ya buɗe. Musamman ina son jin na mutanen ƙauye da na masu tsofaffin wayoyi, don da su zan je taro. Gwaggo, hotunan rijiyar suna nan, har da wanda aka ɗauke ki kina riƙe da bokiti. A sa yara su buɗe miki, in mazarin ya sake fitowa a gaya mini. Ƙanina kuma ka ba yaranka haƙuri a madadina, tsarabarsu tana nan tafe.

A gaida kowa da kowa, a gaida Yaya da mutanen gidansa. Sai na ji daga gare ku.

Naku,
daga Landan